Gargaɗi ga masu son tankin kifin teku a Kaduna: a guji masu alkawarin haɗa komai a yini ɗaya

Assalamu alaikum jama'a. Wannan gargaɗi ne ga duk mai sha'awar ajiye ƙaramin tankin gilashi na ruwan gishiri a falo ko ofis, irin wanda ake zuba kifin teku da murjani mai rai (wata halittar teku mai kama da tsiro) a ciki. Akwai masu talla a Facebook da Instagram da WhatsApp da ke ɗora hotunan tankuna masu ɗaukar ido, suna cewa za su kawo maka tanki na lita 40 ko 60 har gida, da ruwa, da dutse, da kifi, da murjani, su haɗa maka kafin la'asar. Duk wanda ya yi maka wannan alkawari, ko dai bai san aikin ba, ko ya sani sarai kuma kuɗinka yake so. Ko wanne ne, kifin zai mutu, kuma laifin a kanka za a ɗora shi.

Dalilin yana cikin ruwan. Kifi yana fitar da ammoniya ta numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma idan ya ruɓe ammoniya yake zama. Ammoniya guba ce, kuma dafinta ya fi ƙarfi a ruwan teku saboda ma'aunin pH ɗinsa, wanda ke sauka idan ruwa ya yi tsami, yana sama, tsakanin 8.1 da 8.4. Abin da ke kawar da ita shi ne bakteriya masu zama a jikin dutse da yashi. Kashi na farko suna mayar da ammoniya naitirait, kashi na biyu su mayar da naitirait ɗin naitiret, wanda dafinsa kaɗan ne kuma ana rage shi da canjin ruwa. Waɗannan bakteriya suna da nawar hayayyafa. A sabon tanki da busasshen dutse, yawanci sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin su cika su iya ɗaukar nauyin kifi. Wannan jiran shi ne nunar tanki, kuma shi ne ainihin abin da mai damfarar yake ɓoye maka, don in ya faɗa maka ba zai sayar da kifi a ranar ba.

Ga yadda abin ke gudana. A kwana biyu na farko ruwa garau, kifi na yawo, ana ta ɗaukar hoto. Wajen kwana na uku zuwa na biyar sai ruwan ya fara yin hazo-hazo, kifi ya daina cin abinci, ya koma saman ruwa ko lungun dutse yana numfashi da sauri. Kafin mako ya cika sai a wayi gari a tarar da shi kwance. Idan ka kira mai sayarwa, amsarsa a shirye take: ka ba su abinci da yawa, ko yara sun sa hannu, ko wuta ce ta ɗauke. Daga nan sai ya kawo maka wata kwalbar "magani" da sababbin kifi a kan "ragi". Ribarsa ta gaske tana cikin wannan zagaye na biyu da na uku.

Nunar tanki ta gaskiya ba ta da wani asiri. A haɗa gishiri da ruwa a bokiti mai tsabta, famfo na juya shi na sa'o'i har ya narke sarai. A jera dutse, a zuba yashin aragonait, wato yashin ɓarɓashin murjani da makamantansa, kaurin santimita 2 zuwa 3, a cika ruwa, a kunna famfo, a riƙe zafin ruwan a digiri 25 zuwa 26. Ba kifi, ba murjani, fitila ma a bar ta a kashe. Sai a ba bakteriya abinci: ko a ɗiga sinadarin ammoniya na tanki har gwaji ya nuna 2 ppm (kashi 2 cikin miliyan), ko a jefa ɗan guntun ɗanyen jatan lande ya ruɓe a ciki. Duk bayan kwana biyu ko uku a gwada. Ammoniya za ta hau ta sauka, naitirait ya hau a bayanta shi ma ya sauka, naitiret ya fara taruwa. Shaidar nuna ita ce a sake ɗiga ammoniya zuwa 2 ppm, a dawo bayan awa 24 a tarar da ita a sifili, naitirait ma a sifili. Sai a canza kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin ruwan, a sa ƙananan kifi biyu kacal. Murjani masu taushi sai bayan wasu makonni.

Don haka idan mai sayarwa ya ce ruwansa "ya riga ya nuna", kada ka yi musu da shi. Ka ce a gwada a gabanka da kayan gwajin da kai ka saya, ka kuma duba ranar lalacewarsu a gindin kwalba. A yawancin kayan gwajin ammoniya, ruwan cikin 'yar kwalbar yana zama rawaya idan babu komai, ya karkata zuwa kore idan akwai guba. Ka ɗaga ta a hasken rana, farar takarda a bayanta. Ko da ya fito rawaya, wannan bai isa ba, domin sabon ruwa da ba a taɓa sa komai a ciki ba shi ma sifili yake nunawa. Bakteriyar a jikin dutse suke, ba a cikin ruwa ba, saboda haka jarkar "tsohon ruwa" da za a sayar maka ba ta nunar da tanki. Gwajin awa 24 ɗin nan ne kaɗai ke raba gardama, kuma mai gaskiya ba ya gudunsa.

Bakteriyar kwalba kuwa akwai ta gaske, kamfanoni na yin ta, kuma tana rage kwanakin jira. Amma abu ne mai rai, zafi mai tsanani yana kashe shi. Kwalbar da ta kwana a but ɗin mota ko ta yi watanni a shago cikin zafin Maris da Afrilu ba abin dogaro ba ce, balle wadda aka ɓalle hatiminta aka sake cikawa. Ko ta gaske ce, sai an gwada kafin a sa kifi.

Sai maganar dutse, inda aka fi cutar mutane. Dutse mai rai shi ne dutsen murjani da ya daɗe cikin ruwan gishiri har bakteriya da ƙananan halittu suka zauna a jikinsa. Dole ya zo a jiƙe. Wanda aka ciro daga kwali a bushe ba shi da rai, ko da a teku aka haife shi. Ka ɗauka a hannu: na gaske bai kai girmansa nauyi ba, duk jikinsa ramuka ne kamar soso. Ka sunsuna: ƙamshin teku yake yi, in kuwa ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai to abin da ke jikinsa ya mutu a hanya, shi ma sai ya zuba maka ammoniya. Launin shunayya da ruwan hoda da ke jikin na gaske wani gansakuka ne mai tauri kamar alli, yana fitowa dabbare-dabbare, wani wuri da kauri wani wuri babu. Idan ka ga launin ya rufe dutsen bai ɗaya har cikin ramuka, ka kankare da farce. Fenti zai ɓare. Ka ɗiga ruwan binega a busasshen gefe: dutsen murjani zai yi kumfa, dutsen fasa na gini ko jar marmara ba za su yi ba. Marmara da duwatsun rafi suna iya sakin ƙarfe a ruwa, ɗanyen siminti kuma yana cilla pH sama. Busasshen dutse ba laifi ba ne, da shi ma ake fara tankuna da yawa. Laifin shi ne a sayar da shi da suna da farashin mai rai.

Wanda ya ce maka daga bakin tekun Legas ya kwaso dutse da murjaninsa, ƙarya yake yi. Gaɓar tekun Najeriya ba ta da tsibin murjani irin wannan. Laka da ruwan daɗi da koguna ke kwararowa ba sa barin su kafu. Kayan wannan sana'a daga wurare irin su Indunusiya, Filifin, Ostireliya da Bahar Maliya suke fitowa, ko daga masu kiwonsu a tankuna. Murjani masu tauri kuma suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ake karewa, ba sa tsallake iyakar ƙasa sai da takardar izini. Ka tambayi inda kayan suka fito da wanda ya shigo da su, ka saurari yadda zai amsa.

Gishiri ma haka. Gishirin miya ba ya yi, na jaka da ake sa wa kifin ruwan daɗi ma ba ya yi. Murjani yana gina jikinsa da kalsiyam, yana buƙatar kusan 400 zuwa 450 ppm, da maganiziyam 1250 zuwa 1350 ppm, da alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, kuma gishirin da aka haɗa musamman don tankin teku ne ke ɗauke da su. Wanda aka ƙulla maka a farar leda ba suna ba tambari, ka bar masa abinsa. Lissafin ma yana tona asiri: ana son nauyin ruwa, idan aka kwatanta da na ruwa zalla, ya kai 1.025 zuwa 1.026, wato gishiri kashi 35 cikin 1000, kuma hakan na cin gram 36 zuwa 40 a kowace lita. Tankin lita 60 zai ci fiye da kilo 2 a cikawar farko kaɗai. Idan "cikakken saiti" ya zo da ƙullin rabin kilo, ka san ba a shirya gaskiya ba. Na'urar auna gishiri ta hangen ido, wadda ake ɗiga ruwa a gilashinta a leƙa, ta fi ta roba mai allura, domin kumfa ɗaya a jikin allurar yana ɓata karatu.

Ruwan da za a haɗa gishirin da shi sai wanda ya bi ta matatar RO/DI mai cire duk abin da ya narke a ruwa, mitar TDS mai auna abin da ya rage ta nuna 0 ko dab da haka. Ruwan famfo na iya zuwa da kulorin, na burtsatse da na rijiya sukan ɗauko naitiret, fosfet da silika, abincin gansakuka ke nan. Fiya wata an tace shi don sha ne, ba don murjani ba. A auna kafin a yarda.

Akwai kuma abin da mai tallan ba zai taɓa ambata ba, wato yanayin garinmu. A bazara ɗaki yakan wuce digiri 30, ƙaramin tanki kuma yana bin zafin ɗaki cikin sa'o'i. Murjani idan ya daɗe a 29 zuwa 30 sai ya tofar da ƙwayoyin gansakukan da ke ciyar da shi, ya yi fari fat. Ana buƙatar fanka mai hura saman ruwa, ko na'urar sanyaya ruwa, ko ɗaki mai iyakwandishan. A hunturu kuma dare yana sanyi, sai da hita, ga iska mai bushewa tana shanye ruwa kullum. Gishiri ba ya tashi da tururi, don haka abin da ya ƙafe da ruwan RO/DI zalla ake cike shi. Wanda ya cike da ruwan gishiri yana ƙara wa tankin gishiri ne kullum. Idan wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya, iskar shaƙa tana ƙarewa cikin 'yan sa'o'i. Ba inbata ko sola, ko aƙalla famfon iska mai batir, to a dakata da sayen kifi.

Kifin ma a duba. Shuɗin kifin nan mai rawayar wutsiya da yara ke so yana kai santimita 30, ba shi da wurin zama a lita 60, duk ƙanƙantarsa a ranar saye. Akwai masu sayar da kifayen tafkin Malawi masu launin rawaya da shuɗi a matsayin na teku, alhali na ruwan daɗi ne. Anemoni, wata dabbar teku mai kama da fure, idan fari ne tas ko rawaya shar kamar an tsoma a rini, ko ya rasa abin da ke ciyar da shi ne ko rina shi aka yi, kuma ko lafiyayye ne ba a sa shi a tankin da bai kai wata shida ba. Hotunan talla yawanci a ƙarƙashin shuɗiyar fitila ake ɗaukar su, wadda ke sa ko murjani mai launin ƙasa ya yi ƙyalli. Ka nemi a nuna maka a farin haske. Ka sa a ba kifi abinci a gabanka, wanda bai ci ba kada ka ɗauka. Tanki na hannu kuma a tambaya ko an taɓa zuba maganin kifi mai tagulla a ciki, domin tagulla tana maƙalewa a dutse da yashi tana kashe murjani da jatan lande. Silikon ɗin banɗaki mai maganin fumfuna shi ma guba ne, kuma da shi wasu ke liƙa gilashi don araha.

Wasu kuma ba su da ko kifi ɗaya. Hotunan na wasu ne suka kwaso. Za a ce ka tura rabin kuɗi, kaya na tasowa daga Legas, ka je tashar Kawo ko Mando ka karɓa. Gobe a ce kuɗin kwastan, jibi kuɗin iskar oksijin, gata lambar ta daina shiga. Ba a cinikin biri a sama. Ka nemi kiran bidiyo kai tsaye, ya nuna tankin da kifin suna motsi, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya riƙe a jikin gilashin. Ka lura ko sunan asusun banki ya yi daidai da na wanda kake magana da shi. Dabba mai rai kuma a yi yarjejeniya a rubuce kan wanda zai ɗauki asara idan ta iso a mace, a buɗe kwalin ana ɗaukar bidiyo.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana hirarrakin da shaidar turawa da lambar asusun, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna. Wanda kuma aka riga aka haɗa masa tanki da kifi a ciki, ya rage abinci zuwa ɗan kaɗan sau ɗaya a yini, ya gwada ammoniya kullum, da ya ga ta kai 0.25 ppm ya canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da sabon haɗi mai gishiri da zafi daidai da na tankin. Kada ya ƙara ko kifi ɗaya, kada ya wanke dutse ko soson matata da ruwan famfo. Idan bayan makonni ya ga ƙura mai launin ƙasa ta rufe yashi da gilashi, wannan gansakukan sabon tanki ne, yakan wuce da kansa idan silikar ruwan ta ƙare, ba ya buƙatar kwalbar kowa.