Anime na zangon Oktoba 2023: abin da kashin farko ya nuna

Tashoshin Japan sau huɗu suke zuba sababbin shirye-shiryen anime, wato katun ɗin Japan, a shekara: Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba. Yawanci shiri yakan yi kashi 12 ko 13, kowane kashi minti 24 ko ƙasa kaɗan, cikinsu har da waƙar buɗewa da ta rufewa masu daƙiƙa 90 kowace. Na bi farkon wannan zangon ta Crunchyroll, manhajar kallon anime a intanet, kuma shiri biyu ne suka cancanci datar mutum.

Na farko Frieren, aikin kamfanin Madhouse, wanda Keiichiro Saito ya ba da umarni. Ranar 29 ga Satumba aka sake shi, kashi huɗu a haɗe, wajen awa biyu. Dabara ce mai kyau, don da kashi ɗaya kacal aka fitar da mutane da yawa sun ce babu abin da ke faruwa. Labarin ya fara ne daga inda sauran suke ƙarewa: jarumai huɗu sun gama da sarkin shaiɗanu bayan tafiyar shekara 10, sun dawo gida. Frieren, ɗaya daga cikinsu, matsafiya ce daga jinsin da ke rayuwa fiye da shekara 1,000, don haka a wurinta shekara goma kamar kwana biyu ne. Sai bayan shekara 50, a bakin kabarin jagoransu Himmel, ta gane ba ta taɓa tsayawa ta san shi ba.

Abin da ya kama ni shi ne haƙurin masu zanen. Akwai inda Frieren ta shafe watanni tana neman wani shuɗin fure don kawai ta shuka shi kewaye da gunkin Himmel, daraktan kuma bai hanzarta ba. Ya bar mu muna kallon ganye na canza launi, almajirarta Fern tana ƙosawa, kiɗan Evan Call yana tafiya a hankali. A kashi na uku faɗa ya zo, gajere ne amma da ma'ana: tsafin da ya taɓa hallaka runduna, mutane sun yi shekara 80 suna nazarinsa har ya zama karatun 'yan koyo. Mai son duka da fashe-fashe daga minti na farko zai gaji, wannan kam gaskiya ce.

Na biyu The Apothecary Diaries, na Toho Animation Studio da OLM, shi ma kashi uku aka fara saki tare. Maomao 'yar mai haɗa magunguna ce da aka sato aka sayar a cikin gidan sarki, a wata daula ta ƙirƙira mai kama da Sin ta dā. Jariran sarki suna ta ciwo, ana cewa jifa ce. Ita ta lura iyayen ma suna ramewa da ciwon kai, ta gano farar hodar da suke shafawa ce ke ɗauke da guba. Hodar dalma ce, kuma wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba zai kalli wannan kashi da wasa ba. Yadda aka cafke ta ma abin yabo ne: babban jami'in gidan, Jinshi, ya tara kuyangi ya ɗaga takarda, wadda ta iya karatu kaɗai ce fuskarta za ta sauya. Zanensa bai kai na Frieren ba, ana yawan tsayar da hoto baki kaɗai na motsi, amma launukan tufafi da zafin bakin Maomao sun rufe gibin.

Sai dai kashin farko mayaudari ne. A kansa ake zuba ƙwararrun masu zane da lokaci mafi yawa, saboda shi ne talla. Daga kashi na huɗu zuwa na bakwai ake gane ko jadawalin aiki ya tsaya. Alamun matsala a bayyane suke: fuskoki na karkacewa idan an hasko su daga nesa, jerin sunayen masu duba zane a ƙarshen kashi ya yi tsawo fiye da kima (an raba aikin ne ga hannu da yawa don a cim ma lokaci), ko a cusa kashin maimaita labari a tsakiya. Shirin Zom 100 na zangon Yuli ya buɗe da kashi mai ban mamaki, sai jinkiri ya biyo jinkiri, har aka dakata a kashi na tara. Frieren an tsara masa zango biyu a jere, kashi 28, don haka a lokacin sai an kai tsakiyar tafiya kafin a ga ƙarfin Madhouse.

Game da kallo, Japan tana gaban Najeriya da Nijar da awa takwas. A 2023 Frieren yakan fita ƙarfe 11 na daren Juma'a a can, wato 3 na rana a Kano ko Maraɗi, fassara kuma ta biyo baya ba da daɗewa ba. Idan ka ga 25:00 a jadawalin Asabar, ƙarfe 1 na dare ake nufi, wato 5 na yammacin Asabar a nan. Rubutun fassara akwai Turanci, Faransanci da Larabci, babu Hausa. A waya 480p ya isa shirin Maomao, tunda magana ce ta fi yawa. Frieren kuwa a ajiye masa data a kalla a 720p ko sama, don a ƙaramin inganci sararin samaniya da inuwar daji sukan farfashe su zama dabbare-dabbare, kuma kashi ɗaya a 1080p yana iya haura gigabait guda.