Kalma ɗaya, fassara biyu: Ishaya 7:14 a wurin Yahudawa da Kirista

A wannan aya ta Littafi Mai Tsarki, annabi Ishaya ya ce Ubangiji zai ba da alama: wata "alma" za ta yi ciki ta haifi ɗa, ta sa masa suna Immanuwel. Rigimar duka a kan wannan kalmar Ibrananci "alma" take. Yahudawa suna fassara ta da matashiya. Hujjarsu ita ce Ibrananci na da "betula" ga wadda ba ta san namiji ba, kuma Ishaya da Sarki Ahaz na Yahuza yake magana, wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da sarakunan Suriya da Isra'ila suka taso masa. Alamar da za ta kwantar wa Ahaz hankali dole ta auku a zamaninsa.

Kirista kuwa sun bi fassarar Girkanci ta Septuagint, wadda Yahudawan Iskandariya suka yi tun kafin Yesu. Can an sa "partenos", wadda Kirista suka ɗauka da ma'anar wadda ba ta san namiji ba, kuma ita Linjilar Matiyu 1:23 ya ɗauko ya ɗora wa Maryamu. Daga baya Akila, wani mai fassara Bayahude na ƙarni na 2, ya musanya ta da "neanis", wato yarinya.

A ganina, ta fuskar nahawu da tarihin Ahaz, hujjar Yahudawa ta fi ƙarfi. Abin da ke burge ni shi ne kalmarmu "budurwa" tana iya ɗaukar ma'anonin biyu, sai mai karatun Hausa ya wuce ayar bai san an yi gardama ba.