Na gwada Google Scholar saboda asmar 'yata, ga abin da na gani

Salamu alaikum jama'a. Wannan abin ba shago ba ne ba kuma gidan abinci ba, shafi ne a intanet kuma kyauta ne in banda kuɗin data, amma wallahi ya yi min amfanin da na ga ya kamata in faɗa, musamman ga iyayen da suke da yaro mai fuka a gida irina.

'Yata shekararta 12, tun tana ƙarama take da asma. Duk wanda ya taɓa zama da yaro mai wannan ciwo ya san daren da nake nufi, ƙarfe biyu na dare kana jin ƙirjinta na fito kamar usur, ta zauna ta dafa gwiwa kafaɗunta na hawa suna sauka, uwarta na laluben inhela a cikin duhu an ɗauke wuta, kai kuma kana tunanin ina za ka samu taksi daga unguwarmu Aboabo zuwa Gi, wato babban asibitin Kumasi, a wannan lokaci. In hunturu ya shigo daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa abin sai addu'a.

To watannin baya aka turo wani bidiyo a gurup ɗin danginmu na WhatsApp, wani mutum da farar riga yana cewa shi farfesa ne, ya yi bincike shekara da shekaru a kan asma, yana da maganin da yake cire ta daga tushe cikin sati uku, kuma a jefar da inhela don ita ce ke sa ciwon ya zauna. Gwaggona ta kira ni har sau biyu, ta ce ɗan nan ka nemi mutumin nan ko yarinyar za ta huta. Kuma gaskiya zuciyata ta karkata, wanda yake cikin ruwa ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Saura kaɗan in tura kuɗin ta momo, wato ta waya, sai ƙanina da yake karatun digiri na biyu a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya zo gida cin tuwo, na nuna masa, ya ce Yaya dakata, in dai farfesa ne da gaske aikinsa ba ya ɓuya, ba ni wayarka. Nan ya buɗe Google Scholar.

Shafin fari ne tas, babu talla babu hoto, akwati ɗaya ne kawai na rubutu. Kamfanin Google ne ya fito da shi a 2004, kuma bambancinsa da Google ɗin da muka saba shi ne wannan takardun masana kawai yake kawowa, waɗanda aka buga a mujallun bincike da kundayen digiri da makamantansu. Muka rubuta sunan mutumin, muka juya shi gaba da baya, muka haɗa da kalmar asma da Turanci, ko takarda ɗaya ba ta fito ba. Ƙanina ya ce rashin fitowa shi kaɗai ba hukunci ba ne, amma wanda ya ce ya shekara ashirin yana bincike kuma ba a ga layi ɗaya da ya rubuta ba, to a riƙe kuɗi tukuna. Na riƙe.

Amma abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne abin da ya biyo baya. Na ce masa to rubuta asma da Kumasi mu gani ko akwai wanda ya taɓa damuwa da yaranmu. Sai ga sunan Emmanuel Addo-Yobo, likitan yara na asibitin Komfo Anokye, nan Gi ɗin da muke zuwa. Ashe tun 1993 shi da abokan aikinsa na Manchesta a Ingila, Adnan Custovic da Ashley Woodcock, sun bi makarantu a cikin Kumasi da ƙauyen kusa, suka ɗauki yara 'yan shekara 9 zuwa 16 sama da dubu, a sa yaro ya hura iska a wani ɗan bututun awo, ya yi gudu na minti shida, sannan ya sake hurawa a ga ko hanyar numfashinsa ta tsuke. An buga wannan a mujallar Thorax a 1997. Bayan shekara goma cif, a 2003, suka koma suka maimaita, aka buga a PLoS Medicine a 2007, kuma wannan ta biyun kyauta take kowa zai iya saukewa. Yaran da gudu ke tsuke musu numfashi sun tashi daga kashi 3.1 cikin ɗari zuwa kashi 5.2, waɗanda fatarsu ta nuna jikinsu ba ya jituwa da abubuwa irin su ƙwarin ƙura da gashin kyanwa da na kare sun tashi daga 7.6 zuwa 13.6. Kusan ninki biyu ke nan a shekara goma, a garin nan namu, ba a Landan ba.

Na daɗe ina kallon wayar. 'Yata ba ta shiga gudu a makaranta, in ana ampe, wasan tsalle da tafi na 'yan mata, gefe take zama tana riƙe wa ƙawaye takalma, kuma ni ban taɓa sanin cewa wasu sun zauna sun auna daidai wannan abin a kan yaran Kumasi tun kafin a haife ta ba.

Akwai kuma wata takardarsu ta 2001 da ta fi taɓa ni, wadda ta duba abubuwan da ke tare da asma a yaran birni a Gana, suka samu ƙwarin ƙura da kyankyaso da zama a tsakiyar gari a sahun gaba. Ƙwarin ƙurar nan ido ba ya ganinsu, a katifa da matashin kai da kafet suke zama suna cin ɓawon fatar mutum, kashinsu ne ke tayar da ciwon. Wanda ya san gidan haya na zango, ɗaki ɗaya mutum shida, tsohuwar katifar soso, kwata a ƙofar gida, ga hayaƙin gawayi ga koyil ɗin sauro ga turaren wuta, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Washegari muka fitar da katifa rana, muka naɗe kafet ɗin ɗakin gaba ɗaya, uwarta kuma ta koma kunna turare a waje.

Yanzu maganar lambobi, don nan ne shafin ya fi ƙarfi kuma nan ne mutum zai iya ruɗewa. Ƙarƙashin kowace takarda akwai wurin da aka rubuta Cited by da lamba a gabansa, wato sau nawa wasu masana suka ambaci wannan takarda a nasu aikin, kuma in ka taɓa wurin sai ya jero maka su duka, ka ga wanda ya ɗora a kai da wanda ya yi gardama. Wannan ya burge ni ƙwarai, ya tuna min yadda malamanmu ke bin isnadi, wa ya ji daga wa. Tun 2011 kuma masani zai iya buɗe shafin kansa, a ga duk takardunsa da jimillar ambato da wani abu da ake kira ma'aunin h, wanda wani masanin fiziks a Amurka mai suna Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Ƙanina ya bayyana min shi da sauƙi, ya ce in an ce ma'aunin mutum 20 ne, to yana da takardu 20 da kowace an ambace ta aƙalla sau 20. Don haka takarda ɗaya mai farin jini ba ta isa ta ɗaga ka ba, tarin takardun da ba wanda ya kula su ma haka.

Manya a wannan fage irin su Custovic da Thomas Platts-Mills na jami'ar Bajiniya, wanda ya yi suna a kan ƙwarin ƙura, ambatonsu dubun dubata ne kuma sun cancanta. Sai dai ni a ganina lambar nan tana auna yawan masanan da suka karanta ka ne, ba ta auna yawan yaran da suka samu barci saboda kai. Likitan da yake ganin marasa lafiya tun safe har la'asar a asibitin gwamnati, ya samu ɗan lokaci da ƙyar ya rubuta takarda a kan yaran garinsu, ba zai taɓa kamo wanda yake da ɗakin bincike da ma'aikata da kuɗin tallafi ba, kuma ba don aikinsa bai kai ba ne. Shafin yana ƙirga har ambaton da mutum ya yi wa kansa. Yana ƙirga ambaton suka kamar na yabo, misali takardar nan ta 1998 da ta alaƙanta allurar rigakafin ƙyanda da cutar otizim, mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2010, amma an ambace ta sau dubbai, yawanci don a ƙaryata ta. To wanda ya ga lamba kawai ya tafi ai an bar shi a baya.

Sauran matsaloli kuwa, komai da Turanci ne kuma Turancin likitoci, ni da nake koyarwa a firamare ma sai da ƙamus a gefe. Wasu takardun in ka taɓa sai mujallar ta nemi kuɗi da dala, dabarar ita ce ka duba gefen dama ko akwai PDF, ko ka taɓa inda yake nuna sauran kwafe-kwafe, sau da yawa akwai na kyauta. Data ba ya ci sosai, ko netwok na rarrafe yana buɗewa. In tauraro ake bayarwa na ba shi huɗu cikin biyar.

Ta nan ne kuma na ci karo da aikin Abena Amoah da abokan aikinta na cibiyar Noguchi a Legon da na Laidin a Holan, da suka nuna cewa yaran Gana da dama gwajin jini na nuna kamar jikinsu ba ya son gyaɗa alhali suna cin ta lafiya lau, kuma abin yana da alaƙa da tsutsar tsargiya. Mu da muke cin ƙuli-ƙuli da miyar gyaɗa kullum, ka ga in aka ɗauko awon Turai aka ɗora mana kai tsaye sai a hana yaro abincinsa a banza.

Abu na ƙarshe da na samu wanda ya canza zuwanmu asibiti shi ne shawarar GINA, ƙungiyar duniya da ke fitar da ƙa'idar kula da asma, wadda tun 2019 ta daina ba da shawarar manya da matasa su dogara da shuɗiyar inhela ita kaɗai. Shuɗiyar, wato salbutamol, buɗe hanya kawai take yi na ɗan lokaci, kumburin da ke ciki yana nan, shi kuma sai maganin shaƙa mai sitiroyid ke kwantar da shi. Mu shekara nawa muna sayen shuɗiyar a kemis in ta ƙare mu sake saye, ba wanda ya taɓa ce mana akwai wata. Ban canza mata magani da kaina ba kuma don Allah kada wani ya yi haka, na rubuta tambayoyina uku a takarda na tafi da su ranar ganin likita, ta karanta, ta tambaye ni sau nawa yarinyar ke tashi da dare a wata, sannan ta rubuta mata ta kullum ta kuma nuna mata yadda za ta shaƙa ta cikin sifesa, wato bututun da ake jona wa inhela, ta kurkure baki bayan nan. Wata biyu ke nan, za mu koma ranar Talata da littafin da nake rubuta darare a ciki.