Na sayi kwabon Girka na zamanin Filib a VCoins, ga yadda ta kaya

Jama'a sallama. Ni dai tun ina yaro nake tara tsofaffin kuɗi, anini da kwabo mai huji da sisi, irin waɗanda ake tsinta a ƙasan adakar kaka, daga nan sha'awar ta ja ni har zuwa sulallan tsohuwar Girka, amma fa aljihuna na ma'aikaci ne, ga dala yadda ta koma.

Abin da kowa ke mafarki shi ne mujiyar Atina, wato kuɗin tsohon birnin Atina, azurfa ce mai nauyin wajen giram 17, gaba fuskar Atena, abar bautar mutanen birnin, baya mujiya da reshen zaitun, to wannan ɗaruruwan daloli ce, mai kyau ma ta haura dubu. Bara na ga wani a wani shafin gwanjo daban ya sa ta dala 45 na yi wuf na biya, da ta iso na ɗora a ɗan sikelin da maƙeran zinare ke amfani da shi sai ga giram 13, ga wani siririn layi ya zagaye gefenta, ga ƙananan ramuka a fuskar kamar zanzana. Zubi ce, jabu. Su na asali ai da guduma ake buga su ɗaya bayan ɗaya. Wallahi kwana biyu abin na cina.

Shi ya sa wannan karon na je VCoins, kasuwa ce ta dillalan tsofaffin sulalla, kowa da rumfarsa, kuma sharaɗin wurin shi ne dillali ya tsaya wa kayansa cewa na gaske ne. Na zaɓi ƙaramin kwabon tagulla na Filib na biyu, sarkin Makidoniya daga 359 zuwa 336 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mahaifin Iskandar, sarkin nan da ya ci ƙasashe da yawa da yaƙi. Dala 38 na biya, kuɗin aike daban, kuma ta hannun ƙanina da ke karatu a Ingila na bi, shi ya taho min da shi da ya zo hutu.

Kai, ranar da na buɗe ambulan ɗin nan! Faɗinsa milimita 18, bai fi maɓallin riga ba sosai amma da kauri, nauyi giram 6 da ɗoriya, daidai da abin da dillalin ya rubuta. Gaba kan saurayi ne da ɗauri a gashi, Afolo ake cewa, ɗaya daga abubuwan bautar Girkawa, baya kuma yaro a kan doki yana sukuwa, a sama an rubuta sunan Filib da haruffan Girkanci, uku na farko sun fito tas sauran sun ɗan goge, bugun ma ya karkace har kofaton dokin ya kusa faɗawa waje. Kalarsa kore mai duhu, sumul a hannu. Matata ta ce a kawo ta goge min shi da toka da lemun tsami ya yi ƙyalli, na ce don Allah Hajiya rufa min asiri, wannan koren shekara dubu biyu da ɗari uku ya yi yana taruwa, in aka kankare shi an kashe kwabon.

Abin da ya fi burge ni hoton da aka sa bai yi ƙarya ba, har ƙwarzanen da ke kuncin an nuna, na kuma tambayi dillalin daga ina kwabon ya fito ya ba ni amsa washegari. Kawai mutum ya lissafa kuɗin aike tun farko, don a kan ƙaramin kwabo yana iya kai rabin farashin, gara ka haɗa biyu ko uku a rumfa ɗaya.

Yanzu adashi nake don dirakma ta azurfa ta Iskandar, mai hoton Herakilis, jarumin tatsuniyar Girkawa, da fatar zaki a ka, giram 4 da ɗan wani abu, in Allah ya yarda bayan babbar sallah.