Soson "majik" da kwalbar sifirit: abin da kowannensu ya yi wa kayan ɗakina

Maigidana albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma kamar duk mai wannan harka, ba ya rabo da maka a aljihu. Da ita ake rubuta suna a jikin buhu, yadda in mota ta iso daga Aliero ko Sakkwato kowa zai gane kayansa. Baƙar makar nan ce mai kaurin baki, wadda aka yi ta musamman don ko ruwan sama ya doki buhu kada rubutun ya goge. Ita ya manta a kan tebur wata Asabar cikin watan Yuli, ranar da aka wuni ana tsuga ruwa a Agege, yara ba halin fita tsakar gida. Ina kicin ina fama da miya sai na ji falo ya yi tsit. Wadda ta haifa ta san irin wannan shirun.

Auta, mai shekara 3, ta yi aikinta tsakani da Allah. Ta bi hannun kushin ɗin yadi mai ruwan toka, ta bi teburin tsakiya, ta bi fararen kujerun roba guda biyu, ta sauka a ƙofar firij da murfin durowar fomeka, sannan ta ƙarasa a kujerar ledar da babansu ke zama. Yayanta Abba, mai shekara 6, wanda ya kamata ya ƙwace makar, shi ya taya ta da rubuta sunansa a kan teburin, baƙi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gudun a yi masa gardama.

Kujerun roba ba su dame ni ba. Kushin da teburin su ne kayan ɗakina, daga Kano aka ɗoro su a mota har Legas, kuma na san irin wahalar da Baba ya sha kafin ya haɗa su. Ga shi saura kwana 10 surukata ta zo. Hajiya ba mai faɗa ba ce, amma idonta ba ya tsallake komai.

Omo da ruwa na fara gwadawa, ko gezau. A daren na tuna da wani talla da nake yawan gani a waya: farin soso, a jiƙa shi da ruwa zalla, a shafa, tabo ya ɓace kamar almara. Na yi oda, guda 10 a leda naira 3,500, kuɗin kawowa 2,000. An ce washegari zai iso, sai da ya kwana biyu. Wannan ban riƙe su da shi ba, duk wanda ya san hanyar Agege da damina zai yi musu uzuri.

Da na buɗe sai na ɗan sare. Ba nauyi, ba ƙamshi, ba sabulu a ciki, kamar an yanka farin burodi murabba'i. Amma da na jiƙa ɗaya na matse na ɗora a kujerar roba, wallahi ban ga laifin masu tallan ba. Shafa biyar ko shida baƙin ya tashi, har da tsohuwar dauɗar da na daɗe da haƙura da ita a ƙafafun kujerar. Fomeka ma haka. Ƙofar firij ta fita tas, ko da yake daga baya, da haske ya bugi wurin ta gefe, na lura ya ɗan rage sheƙi. Sai dai soson yana cinyewa kamar sabulun wanka, yana zubar da farin gari, kafin in gama waɗannan, soso uku sun tafi.

Daɗin nasarar ne ya kai ni ga teburin. Na dirje sunan yaron da ƙarfina, sunan ya fita, na share da busasshen tsumma, sai ga wani fili kamar tafin hannu ya dushe a tsakiyar teburin, sauran wurin yana ƙyalli shi kuma ya yi fari-fari kamar fuskar da ta sha hunturu. Na shafa man zaitun ya ɗan ɓoye, bayan awa ɗaya ya dawo.

Kafintan da ke bakin layinmu, wani dattijo ɗan Zariya da ya fi shekara 20 a Legas, shi na kira. Ya shafa wurin da yatsa, ya karɓi soson ya murza, ya yi dariya.

"Hajiya, ai sanfefa kika sa wa teburin nan."

Na ce, "Baba, soso ne fa, dubi laushinsa."

Ya ce, "Laushin a hannunki ne. Folish ɗin bai ji laushi ba."

Gaskiyarsa. Da na bi diddigi sai na tarar abin da ake kira kumfar melamin ne, dangin abin da ake yin farantan nan masu wuyar fashewa. Kamfanin BASF na Jamus ya daɗe yana yin ta don tare ƙara da zafi a gine-gine, daga baya aka gano tana goge datti, aka shiga yanka ta ana sayarwa da sunaye iri-iri. Ba wani magani a cikinta. Zaruruwanta ne ƙanana ƙwarai masu tauri, su ke kankare saman abu a hankali, su tafi da tawadar tare da ɗan abin da tawadar ta zauna a kai. A kan roba, tayil ko fomeka ba za ki ga ɓarnar ba. A kan katako mai folish kuwa, folish ɗin take ci. Ba ko kalma ɗaya game da wannan a jikin ledar da aka kawo min, kuma a tallan har da hoton tebur ana gogewa. Wannan shi ne babban ƙorafina da masu sayarwar.

Tunda na ji jiki, kujerar leda sai na fara gwadawa ta baya, can ƙasa inda ke fuskantar bango. Shafa uku na ga launin ruwan ƙasa a jikin soson, na tsaya. A kan kushin ɗin yadi kuwa ko aikin banza bai yi ba: ya marmashe, ya jiƙa wurin, tawadar na nan daram, don ta riga ta shige cikin zare, ba a sama take ba balle a kankare ta.

Wadda ta fitar da ni maƙwabciyata ce, Maman 'yan biyu, ma'aikaciyar jinya ce. Ta leƙo aron abin tatar koko ta same ni zaune a ƙasa na zuba tagumi.

"Maman Abba, lafiya? Wa ya mutu?"

Na nuna mata. Ta ce in aika kemis a sayo sifirit, irin wanda muka saba goge wa jarirai cibiya da shi, da ƙullin auduga. Ta ce in tabbatar fari ne kamar ruwa, don akwai mai launin shunayya, shi kuma zai bar nasa tabon a yadi mai haske. Ƙaramar kwalba, kuɗinta bai kai na kawo soson ba.

Bayanin da ta yi min shi ya zauna min a kai. Tawadar irin wannan makar rini ce da wani ɗan danƙo, an narkar da su a cikin ruwa dangin sifirit. In aka yi rubutu ruwan ya bi iska, danƙon ya riƙe rinin a wurin. Ruwan famfo ba ya narkar da wannan danƙon, shi ya sa omo ya kasa. Sifirit kuwa ɗan gida ne, yana taɓa shi zai sake narkewa ya koma tawada. To a nan hatsarin yake, don in ya narke kika dirje, faɗaɗa shi za ki yi, layi ɗaya ya zama gajimare. Dangwalawa ake yi. Ki jiƙa auduga kaɗan, ba sharkaf ba, ki danna a kan layin, ki ɗaga, ki bi da farin tsumma busasshe ki danna ya tsotse. Audugar na yin baƙi ki yar ki ɗauki sabuwa. Ki fara daga gefen tabon ki nufo tsakiya. In rigar kushin ɗin mai zif ce, ki cire ta ki shimfiɗa tsohon tawul a ƙarƙashi, tawadar ta sauka a kansa maimakon ta shige katifar ciki. Nawa hannun kujera ne, ba ya ciruwa, don haka sai haƙuri.

Na kusa awa biyu a kan hannun kushin ɗaya. Tun ina ƙirga audugar har na bari. Baƙin ya koma shuɗi-shuɗi, ya koma toka, har ya saje da yadin. Daga nan na bi da ruwa mai ɗan sabulun wanke-wanke, shi ma dangwale, na sake bi da ruwa zalla. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne shanya. Da a Kano ne, kafin la'asar ya bushe ƙarau. A Legas cikin Yuli iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, ga wuta da aka ɗauke, sai da muka tayar da janareta na saita fanka a kansa, in ba haka ba warin danshi zai kama katifar, wanda ya fi tabon wuyar rabuwa. Yanzu in ba ni da na san wurin ba, ba mai cewa an taɓa rubutu a nan. Da rana tsaka in na ƙura ido ina ganin ɗan inuwar layi ɗaya, shi ke nan.

Kujerar leda ma da sifirit ɗin na yi, amma da tsinken goge kunne, a kan layin kawai, da sauri, ina bi da tsumma mai ɗanshi. Ta fita, sai dai ba duka ba, kuma na ga alamar in na matsa launin ledar zai biyo, don haka na bar sauran. Baban Abba ya ce a bar masa, tunda makarsa ce.

Kada a ɗauka sifirit ba shi da nasa halin. Wuta yake kamawa nan take, don haka ba a aiki da shi kusa da risho, gas ko turaren wuta, kuma a buɗe tagogi. Guba ne in aka sha, ana zuba masa wani sinadari da gangan don kada ya shawu, kwalbar kuma ba ta da bambanci da ruwa a idon yaro. Maman 'yan biyu ta ja kunnena sosai kan kada in kuskura in haɗa shi da bilic, haɗin yana fitar da iska mai cutarwa. Baba kafinta kuma ya ce akwai folish ɗin da sifirit ke narkarwa, akwai wanda ba ya taɓawa, kuma da ido ba za ki bambance ba, sai kin ɗiga a ƙasan teburin kin gani. Abin goge janfarce kuwa ya ce ko kusa, yana cin fenti, yana narkar da wasu robobin. Soson ma, ko da wasa kada a goge hannun yaro da shi. Abin da ya dushe tebur zai ɗaye fata. Hannun Auta man gyaɗa na shafa mata na wanke da sabulu, sauran ya bi wanka cikin kwana biyu.

Wasu dabarun da aka ba ni na gwada su a kan ragowar zanen da na gano daga baya a gefen durowa. Malamar Islamiyyar yara ta ce in bi kan rubutun da makar farin allo in share nan take. Ya yi aiki, abin mamaki, amma a kan abu mai santsi kawai, kuma dalilin ɗaya ne, ruwan cikin sabuwar makar ke narkar da tsohuwar. Sanitaizar da muka saba da ita tun korona ta 2020 ita ma tana yi, tunda yawancinta sifirit ne, sai dai mai kaurin tana barin danƙo a yadi. Farin man goge baki ya rage, bai fitar ba, kuma shi ma kankara yake yi a hankali.

Teburin sai da Baba kafinta ya ɗauke shi zuwa rumfarsa ya goge saman duka ya sake fesawa, naira 8,000, kwana huɗu saboda folish ma ba ya son damina. Wato soson naira 3,500 ya tashi a kan 13,500 in aka haɗa da kawowa da gyara. Da sifirit na fara gwadawa a ƙasan teburin, ko kuma da na kira Baba tun farko, wataƙila da ban kashe rabin haka ba.

Duk da haka ban zubar da ragowar ba. Guda biyar sun rage, na yanka kowanne gida huɗu, don ƙaramin yanki ya fi daɗewa kuma ya fi shiga lungu. Da su nake goge tayil ɗin kicin, makunnin wuta, da gefen fararen takalman makarantar Abba, kuma a nan ba ni da abin da ya kai su. In sun ƙare zan sake saye, amma a shago, don na gan su a wani kanti a Ikeja ba tare da kuɗin kawowa ba. Falo dai na hana su shiga.

Yaran na sayo musu makar zane irin wadda aka rubuta ana wankewa, mai ruwa a ciki maimakon sifirit, na gwada ta da kaina a bayan kushin kafin in miƙa musu, tsumma mai ɗanshi ya ɗauke ta. Hajiya ta zo ta yi mako biyu. A kan wannan kushin ɗin take zama kullum, hannunta a kan daidai wurin, ba ta ce komai ba. Ranar da za ta tafi ne ta shafa teburin ta ce, "Wannan kuwa sabo kuka saya?"