Wata uku a ajin Jamusanci na intanet

Na yi rajistar wani kwas ɗin Jamusanci na wata uku ta intanet, matakin A1, na farko cikin matakai shida na ma'aunin harsunan Turai da aka fitar a 2001. Mu takwas ne a ajin, malamai biyu suna karɓa-karɓa, kuma kowa da irin kiɗansa wajen nahawu.

Malamin ranar Litinin ɗan tsohon yayi ne. Da zuwa sai jadawalin ƙananan kalmomin da ke zuwa kafin suna: der na namiji, die na mace, das na jinsi na uku, ga den, ga dem, a haddace, a fassara jumla goma. Hanyar da aka gada ke nan daga koyar da Latin da Girkanci. Na cika littafi, ina cinye aikin cike gurbi tas, amma da an ce in buɗe baki sai in yi tsuru-tsuru.

Malamar Alhamis kuwa ba ta fara da ƙa'ida. Wata rana ta rubuta "Ich bin müde", wato na gaji, a ƙasansa kuma "Ich bleibe zu Hause, weil ich müde bin", wato zan zauna a gida saboda na gaji. Ta ƙara irinsu biyar, ta ce mu duba abin da ya sauya. Aka yi shiru har na zaci layi ne ya yanke. Can wata ɗaliba ta ce, "Malama, ai bin ɗin nan ya gudu ƙarshe." Sai a lokacin ta tabbatar mana cewa weil, wato saboda, yana kora aikatau zuwa ƙarshen jumla. Har yau ban sake kuskurensa ba, don da idona na kama shi.

Inda ta gajiyar da ni shi ne jinsin sunaye. Bahaushe ya saba da namiji da mace, kuma yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne. Jamusanci jinsi uku gare shi, har yarinya, das Mädchen, ba ta cikin mata. Malama ta nace wai kunne zai saba. Mako biyu muna lalube a duhu, sai malamin Litinin ya faɗa a cikin minti ɗaya: duk sunan da aka ƙanƙanta da -chen das ne, masu -ung da -heit da -keit kuwa die. To, wannan me za a ɓoye a ciki? Gyaranta ma akwai sauran rina a kaba. In ka yi kuskure sai ta maimaita jumlar daidai ba tare da ta ce ka kauce ba, ni kuwa sau da yawa na ɗauka yarda take yi da ni.

Na sake biyan kuɗin A2, kuma ajinta na zaɓa. Sai dai jadawalin malamin Litinin na nan manne a bango, daidai saitin kwamfutata.