Kamus ko ɗan littafin nahawu, amsa ga mai tambayar much da many

'Yar uwa, kin ce much da many da few da little suna rikita ki kuma kuɗin littafi ɗaya gare ki, kamus ko ɗan littafin nahawun nan na masu shirin WAEC. Ki sayi kamus kawai.

Ni duka biyun na saya. Ɗan littafin dai ba laifi, ya ce many da few na abin da ake ƙirgawa ne, much da little na wanda ba a ƙirgawa, shi ke nan fa, har yau ina jin zafin kuɗina.

Ai dokar ba ta da wuya, wuyar ita ce sanin wace kalma Bature yake ƙirgawa. Mu "da yawa" ɗinmu ɗaya ce, ruwa da yawa, mutane da yawa, shawara ma har jam'i muke mata mu ce shawarwari, su kuwa advice da information da furniture da luggage duk ba sa ƙirga su, kai har money da muke lissafawa kullum much ake cewa. Na taɓa rubuta many informations a takardar neman aiki, Allah ya taimake ni Yaya ya duba kafin in kai, ya zagaye wurin da jan biro, ya ɗauko kamus ɗinsa na Oxford Advanced Learner's ya nuna min wani ɗan harafin U kusa da kalmar, ya ce duk inda kika ga wannan kar ki sa mata s, kar ki sa many, in kuwa C ne ki ƙirga abinki. Wallahi ranar kaina ya waye. Kashegari na nemo nawa, bangon ya yage yanzu amma yana nan ƙanwata na amfani da shi. A ciki na gano paper da time suna ɗaukar duka biyun, kuma a few 'yan kaɗan ne da za su ishe ki, few zalla kuwa kusan babu.

Kafin ki saya, in kin rasa ta cewa tsakanin much da many ki sa a lot of, yana tafiya da kowanne.

Sai ki kula da masu sayar da na jabu. Ki sa a cire ledar a gabanki, ki buɗe tsakiya, in takardar shara-shara ce rubutun dishi-dishi ko wasu shafuka babu, ki ajiye masa kayansa ko da ya rage miki rabin kuɗin.